Zabirar Wanzam a Cikin Bonet

Tun da muka dawo daga Bawku bakina bai huta ba. A ƙofar masallaci tambaya, a tasha tambaya, har mai kawo mana kifi daga Makango sai da ta sauke kwandonta ta ce in ba ta labari. Abin da ya fi damuna, kowa da irin wanda ya ji. Wani ya ce motarmu ta kama wuta, wani ya ce kwastan sun tsare mu kwana uku. To, ga yadda aka yi, na rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

A zamanin mahaifina, in za a je Bawku daga nan Salaga, a ƙasa ake tafiya, jakuna a gaba ɗauke da goro, a yi kwana goma sha a hanya. Ina saurayi na bi ayarin sau ɗaya, ƙafata ta gaya mini. Yanzu kuwa kwana biyu ne, kana zaune kana cin goronka. Amma fa jaki ya fi mota da abu ɗaya: duk abin da ka aza masa idonka na kansa, kuma ba shi da murfin da zai ƙi buɗuwa.

Ran Laraba saƙo ya iso ni ta hannun direban wata motar albasa: matar ɗana Haruna ta sauka ran Asabar, namiji, a gidan iyayenta a Bawku, suna kuma Asabar mai zuwa. Haruna ya daɗe a can yana cinikin albasa, can ya yi aure, wannan ne ɗansa na fari. Ban ko zauna ba na nufi rumfar Wanzam Ɗanladi.

Wanzam sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo. Kakansa ne ya yi wa mahaifina askin suna, ubansa ya yi mini, shi kuma ya yi wa Haruna. Duka da aska ɗaya aka yi, wata tsohuwa mai ƙotar ƙaho da kakan ya zo da ita daga Katsina, wasi ya ci ta har ta sirance kamar ganyen dogonyaro. Ba ya aski da ita a rumfa. Tana cikin zabira, jakar fata ta kayan aikinsa, ba ta fita sai ranar suna.

Na ce, "Wanzam, an haifa mini abokin faɗa a Bawku."

"Yaushe suna?"

"Asabar."

Sai ya dafa kan mutumin da yake yi wa aski ya ce, "Sunkuya da kyau, malam, ni matafiyi ne."

Motar Sule muka ɗauka. Sule ɗan maƙwabcina ne, yana da wata tsohuwar mota da ta girmi 'yarsa ta fari, amma ya kai ta Kumasi an fesa mata shuɗin fenti, tun daga nan ba wanda ya isa ya jingina da ita. Amarya yake ce mata. Saboda duwatsun hanyarmu kuma, ya sa mai walda ya liƙa mata faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji. Ku riƙe farantin nan, zai dawo.

Alhamis bayan asuba muka sha koko da ƙosai a tasha, aka loda sabuwar doya da ɗan huhun goro da turmin atamfa, muka kama hanyar Bimbila. Sai da muka bar gari na lura kafaɗar Wanzam ba komai.

"Ina zabira?"

"Tana inda take. Kai dai kula da goronka."

Kafin Bimbila, a bakin wani rafi, allurar zafi ta hau, Sule ya tsaya ya ba Amarya ruwa. Ga wanda bai taɓa lura ba: murfin inji, wanda ake kira bonet, yana da sakata a gaba, kuma wata waya ce ta taso daga sakatar ta zo ƙarƙashin sitiyari, da ɗan mariƙinta. In ka ja, murfin ya ɗaga. Sule ya ja, muka ji ƙas, sai ga mariƙin a hannunsa.

Bai ko damu ba. Ya ɗauko filaya ya kama bakin wayar da ta rage, ya ce, "Baba Alhaji, Baba Wanzam, ku taimaka ku danna bonet da tafin hannu. In na ce ku saki, ku saki." Muka fita, dattawa biyu da manyan riguna, muka danne gaban mota kamar masu kayar da rago. Dannawar tana rage wa sakatar nauyi ne. Ya ja, ya ce mu saki, murfi ya ɗaga.

Ina leƙawa sai ga zabira, an ɗaure ta da tsumma a gefen batir.

"Wanzam! Me ya kawo ta nan?"

Ya gyara hula. "An ce a wani shinge an ƙwace wa wani wanzami asakensa, wai makamai ne."

"Wa ya gaya maka?"

"Wani da na yi wa aski."

"Shi wa ya gaya masa?"

"Wanda ya yi masa aski kafin ni."

Na yi dariya har na zauna a kan dutse. Na ce na ratsa shingaye daga Abijan har Legas, daga Wagadugu har Kano, ban taɓa ganin an kama aska ba, ya fito da ita ya rataya. Ya ce shingen Bimbila na gaba, na Yendi na gaba, ba zai sa askar kakansa a caca ba. Na ƙyale shi. Laifina ke nan a tafiyar nan: na ga mariƙi ya karye, na ga waya ta tsufa, na bari aka mayar da murfi a kan zabira don ina jin daɗin dariya.

Sule ya cika lagireto da ruwa. Da ya ga yana ɗan ɗiga, ya sayi ƙwan zabo wajen wata mata, ya fasa ya zuba a ciki, wai in ya dahu zai toshe ramin. Wanzam ya ce a ƙara gishiri. Allah da ikonsa, ƙwan nan shi ya kai mu Bawku.

A shingen Bimbila da na Yendi ba wanda ya nemi komai sai takardun mota. Kowane muka wuce sai in dubi Wanzam, shi kuma ya dubi daji.

Da la'asar muka sauka Yendi gidan Afa Isa, tsohon abokina. Afa shi ne malam a bakin Dagwamba. Gaisuwarsu ta daɗe tana burge ni: mutanen gida duka su fito su tsuguna, kai ma ka rusuna, a yi ta tambayar hanya da gida da gajiya, ana amsa "Naa, naa," ba mai gaggawa. Na ga Yarabawa suna kwanciya ƙasa, na ga Larabawa suna sumbatar goshi, amma ban ga inda ake ba gaisuwa lokacinta kamar Yendi ba. Muna tsakiyar "naa" ɗin nan ne muka ji salatin Sule daga waje.

Ya je duba ruwa, ya kama wayar da filaya, ya ja, ita kuwa ta biyo shi. Ya yi ta ja tana fitowa kamar mai zare kurkunu, har ɗaya bakin ya faɗo masa a cinya. Ta tsinke daga can wajen sakata. Yanzu babu abin ja.

Wanzam ya dubi wayar, ya dubi shuɗin murfin nan, ya ce a hankali, "Alhaji, askar tana ciki."

Afa ya aika aka kira makaniki, wanda mu a nan muke ce wa fita. Wani ƙaton Badagwambe ne mai fara'a, ba ya jin Hausa sosai, ni na zama tafinta. Ya ce abu mai sauƙi ne, ta ƙasa ake shiga, a miƙa hannu ko dogon ƙarfe a ture sakatar. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Muka ji ƙwal, kansa ya gamu da farantin Sule. Ya fito yana shafa goshi. Ya ce to a cire ragar gaban motar. Ya duba, ashe kusoshinta suna ƙarƙashin leɓen murfin, sai an buɗe ake kaiwa gare su. Ya zura ƙarfe ta ragar yana lalube a makance, har rana ta yi ja, ba abin da ya motsa. Daga nan ya aika aka kawo guduma da ƙarfen cire taya, ya ce a ɓanɓare.

Sule ya kwanta a kan bonet, hannu biyu a buɗe.

"Baba Alhaji, gaya masa sai dai ya fara da ni."

Fita ya ce da Dagwambanci, "Wannan ya fi son gwangwani da iyayensa."

"Me ya ce?" in ji Sule.

Na ce, "Ya ce fentin ya yi kyau ƙwarai."

Wanzam kuwa yana cewa fenti ana sake shi, aska ba a sake ta. Sule yana cewa murfin irin wannan mota ko a Kumasi sai an sha wuya. Afa Isa ne ya raba, ya ce yau Alhamis, suna sai Asabar, mu ƙarasa Bawku, garin da ƙasa uku ke haɗuwa ba a rasa mai dabara. Aka kawo tuwo da miyar ayoyo da zabi biyu. Wanzam ya ce shi ba ya jin cin komai. Cinya uku na ƙirga a gabansa.

Juma'a da sassafe muka tashi da jarka huɗu na ruwa. Tun da ba halin zubawa a ciki, dabarar Sule ita ce a tafi a hankali, in allura ta fara hawa a tsaya a inuwa, a watsa ruwa ta ragar gaba ya sanyaya lagireto. A Gushegu mata suna bakin rijiya suka ga yana watsa wa mota ruwa a fuska da buta, ɗaya ta ce, "Ta yi alwala, saura sallah." Na fassara wa Sule wannan kam daidai.

Bayan Gushegu kaɗan Wanzam ya ɗaga hanci. "Tsaya! Sule, tsaya! Fata na ƙonewa!" Muka fita a guje, ya manna hanci a ragar mota yana salati. Ni ma na ji ƙaurin. Sai da muka waiwaya muka ga mahauci a gindin kuka yana babbake akuya. Wanzam ya tsaya yana kallonsa, sa'an nan ya ce, "Allah ya isa tsakanina da akuyar nan." Muka sayi tsire a wajensa don a huce.

Mun sami Juma'a a Nalerigu, muka gangara dutsen Nakpanduri da giya ɗaya, kowa na karanta abin da ya sawwaƙa. Daga ƙasan dutsen ƙasa ta sake: doya ta ƙare, sai gero da dawa, gidaje masu zagayayyun ɗakuna, amalanken jaki, da kekuna. Ban taɓa ganin inda ake ɗora wa keke abin da ake ɗora masa a can ba. Na ga mutum da buhu biyu da tunkiya da matarsa.

Bayan Garu muka iske shingen kwastan, don iyakar Togo da ta Burkina duk suna kusa. Wani jami'i siriri, mutumin kudu, ya duba but, ya taɓa doya, ya shinshina goro, sa'an nan ya buga murfin inji da tafin hannu. Da irin Hausar kasuwa ya ce, "Direba, buɗe shi."

Sule ya sunkuya ya ɗauko wayar nan a naɗe, ya miƙa masa da hannu biyu.

Jami'in ya dubi waya, ya dubi Sule, ya dubi Wanzam da gumi ya jiƙa wa hula. "Papa, mene ne a ciki?"

Wanzam ya ce, "Inji."

"Inji da mene?"

Na ga abin zai lalace, sai na juya harshe zuwa Tonanci, yaren garinsu, na gaishe shi yadda ake gaisuwa a Kumasi, na ba shi labarin duka, tun daga kakan Wanzam har ƙwan zabo. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya ga an ɓoye atamfa a cikin taya, ya ga sabulu a cikin kabewa, amma bai taɓa jin wanda ya ɓoye kayan sana'arsa na halal ba. Ko dai gaskiya ce tsantsa, ko kuma ƙarya ce da ta cancanci a je a gani. Aikinsa na ranar ya ƙare, dama Bawku za shi. Ya buɗe ƙofa ya zauna a baya kusa da Wanzam.

Muka kama hanya. Wanzam dai yana ta satar kallon ƙeyar mutumin. Can ya kasa haƙuri.

"Ranka ya daɗe, wa ya yi maka wannan aski?"

"Ni da kaina. Da reza."

"Na gani," in ji Wanzam.

Kafin magariba muka shiga Bawku. Jami'in ya karɓi makullin mota ya sa a aljihu, ya ce da safe zai zo, kada a buɗe sai yana nan. Sule ya ce, "In ka sami mai buɗewa, ranka ya daɗe, ka zo mana da shi."

Surukin Haruna, Alhaji Bukari, asalinsa Bamoshe ne. Kafin a ce mana sannu sai da aka kawo zomkom a ƙwarya, ruwan garin gero da ɗan yaji da tsami. A wajensu ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha. Mu a Salaga ruwa muke bayarwa, a Kano fura, amma dokar ɗaya ce. Hausar Bawku kuwa kowa da ita yake ciniki, Kusasi da Moshi da Busanga, sai dai sun sauƙaƙe ta: mace ma "ya zo" ne, mota ma "shi" ne. Kwana ɗaya na yi na fara kamawa. Aka kawo tubani da mai da yaji. Aka kuma kira fita na unguwar, ya zagaya motar, ya shiga ƙasa ya gaisa da faranti, ya fito ya faɗi abin da na Yendi ya faɗa.

Asabar da hantsi kaɗan aka taru. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro sunan mahaifina. Shi ya sa ba za ku ga sunan a takardar nan ba, Maigida nake ce masa. Aka raba goro, aka yanka rago. Saura aski.

Gidan Alhaji Bukari suna da nasu wanzamin, mutum mai ladabi, yana zaune a gefe da zabirarsa a cinya. Ya matso ya ce da Wanzam, "Baba, ga askata, ka yi da hannunka." Wanzam ya yi godiya ya ce hannu ba shi ne maganar ba. Daga cikin gida kuma Hajiya, kakar yaron ta wajen uwa, ta aiko cewa ruwan wanka ya yi zafi, ba za a bar jariri da gashin ciki har rana ta take ba. Na roƙa a ba mu zuwa a gama feɗe rago. Ta ce zuwa a gama feɗe rago, ba ƙari.

Sai ga Sule ya zo da ƙarfen cire taya a hannunsa, idonsa ja. Ya miƙa wa Wanzam. "Baba, a fasa. Kai ka yi mini askin suna, ba zan hana ka na wannan ba."

Wanzam ya karɓi ƙarfen, ya auna nauyinsa, ya je har gaban motar. Sa'an nan ya jingina shi da bango. "Da wannan motar kake ciyar da gida. Ba zan yanka maka amarya don kan jariri ba. Alhaji, ka ce wa ɗan'uwana ya yi askin."



Duk wannan abin, akwai wani tsoho a tsugune a gaban motar yana tauna goro yana leƙen raga. Maƙwabcinsu ne, Rasmani mai gyaran keke, an gayyace shi suna. Ya yi magana da Mosanci, ba wanda ya kula sai ni. Cewa ya yi, "Wannan ba ta da 'yar'uwa a garin nan?"

Na ce me zai yi da 'yar'uwarta?

Ya ce, "Duk wanda ya taɓa ta lalube yake yi. In na ga yadda sakatar 'yar'uwar take, na san inda zan taɓa."

Ranar kasuwa ce, motocin Togo sun shigo tun da safe. Ya ce in hau. Na tattare babbar riga na zauna a bayan kekensa, inda ake ɗora tunkiya, muka ratsa kasuwar albasa mutane na ba mu hanya suna dariya. A tasha muka sami irinta sak, fara, direbanta ba ya jin komai sai Faransanci da yarensu. Da Faransancin da na tsinta a Abijan na roƙe shi. Ya buɗe. Rasmani ya sa shi ya ja mariƙin sau uku, shi kuma ya ɗora yatsa a kan sakatar yana jin inda ɗan harshenta ke tafiya. Hagu yake tafiya. Ya tsinci karan dawa ya zura ta tsaga ta uku a ragar, ya auna nisa, ya karya karan daidai wurin. Ya ce mu tafi.

Mun dawo an kai ga cinyar rago ta ƙarshe, jami'in kwastan kuma ya iso, da kakinsa a goge. Rasmani ya zare wayar ƙafar keke guda biyu, ya murɗe su wuri ɗaya, ya lanƙwasa bakin ya zama ƙugiya daidai tsawon karan. Ya leƙa ya ce ciki duhu, a samo madubi. Madubin Wanzam yana cikin zabira. Hajiya da kanta ta fito da nata na kwalliya, ta ce in ya fashe Salaga za ta biya da doya. Rasmani ya dubi jama'a ya zaɓi jami'in, ya danƙa masa madubin, ya nuna masa yadda zai tari rana ya jefa haskenta cikin raga. Mutumin ya durƙusa da kakinsa a ƙasa, ya riƙe da hannu biyu.

Ni da Wanzam muka koma aikinmu na bakin rafi, muka danne murfi. Rasmani yana ba da umarni da Mosanci, ina juya wa jami'in da Tonanci, ina juya wa Wanzam da Hausa, har na rikice na yi wa Wanzam Faransanci. Ƙugiya ta kama ta zame. Ta sake kamawa ta zame. Mahauci ya ɗaga fatar rago yana kaɗawa. Wanzamin gidan ya tashi ya je ya tsaya kusa da shi, ya ce ai bai ga an gyara kai da ƙafafu ba, feɗa ba ta ƙare ba tukuna. Allah ya saka wa mutumin nan.

A karo na uku Rasmani ya rufe ido, ya ja hagu a hankali, ya ce, "Ku saki."

Ƙwas.

Murfi ya ɗaga yatsa biyu. Sule ya zura hannu ya ture ƙaramar ƙugiyar da ta rage, ya ɗaga shi sama. Mata suka rangaɗa guɗa kamar yanzu aka haihu.

Zabira tana nan inda aka ɗaure ta, tsumman ya yi baƙi. Wanzam ya kwance ta. Ashe akwai gwangwanin man kaɗe a ciki, zafi ya narkar da shi ya bi fatar duka, maimakon ta bushe ta tsage sai ta fito tana ƙyalli kamar sabuwa. Sabulunsa ne kawai ya zama kunu. Ya shimfiɗa kayan a gaban jami'in ɗaya bayan ɗaya: ƙahonin ƙaho, almakashi, dutsen wasi, asake huɗu, da tsohuwar a naɗe cikin ƙyalle.

Jami'in ya ce, "Papa, wannan ne? Saboda wannan?"

"Shi ke nan."

"Da ka rataya a wuya, da gaisuwa kawai zan yi maka."

Na buɗe baki, Wanzam ya ce, "Alhaji, in ka ce ka faɗa, a ƙasa za ka koma Salaga."

Aka wanke askar da ruwan zafi, ya wasa ta. Hajiya ta zauna a tabarma da jariri a cinya. Wanzam ya kira wanzamin gidan ya ba shi ƙwaryar ruwa ya riƙe, ya ce tare za su yi. Ya yi bisimilla ya ɗora aska. Ina tsaye ina kallon askar da ta bi kan mai sunan na farko tana bin kan na biyu. Yaron bai ko yi kuka ba sai da aka gama, sa'an nan ya buɗe murya, Wanzam ya ce, "Halin gidanku ne, ba ku magana sai an gama aiki."

Bayan jariri, wanda ya zauna a gaban Wanzam shi ne jami'in kwastan. Ya cire hular aiki ya sunkuyar da kai, aka gyara masa ƙeyar nan. Ya mayar wa Sule makulli, ya ci waina da naman suna, ya tafi yana shafa kai.

Rasmani bai bari aka rufe murfin ba. Ya kawo wayar birkin keke, ya ɗaura a ɗan harshen sakatar, ya zaro ɗaya bakin ta ƙasan raga, ya yi masa zobe, ya ɓoye shi a bayan lambar mota. Ya lakaci sauran man kaɗen Wanzam ya shafe sakatar. Ya ce ko an sa sabuwar waya a ciki, a bar wannan a wurin, ƙofa ɗaya ba ta isar gida. Sule ya rufe ya ja zobe, ya buɗe. Ya rufe ya ja, ya buɗe. Sai da na ce ya isa haka.

Litinin muka kamo hanya, muka sake kwana a Yendi. Sule ya aika aka kira fita ɗin nan musamman, ya ce ya rufe ido, ya ja zobe. Mutumin ya durƙusa ya daɗe yana kallo, kafin mu tashi ya tafi neman wayar birki.

Yanzu ku je tashar Salaga ku sunkuya a gaban kowace ƙaramar mota, za ku ga ɗan zoben wayar keke a bayan lamba. Sule ne ya fara, sauran suka bi, ba kuma wanda ya ƙara kwana da murfi a rufe. Wanzam kuwa, tun daga ranar, in za a yi tafiya gidan gaba yake zama, zabira a kan cinyarsa, in an zo shinge shi ne mai fara ɗaga ta a gani.